Malamin da Ya Ce Ya Yi Gudu a Kan Ruwa

Ranar Asabar ɗin da ta wuce na shiga Kasuwar Muda Lawal sayen gero, sai na ji wani saurayi mai sayar da ƙanƙara yana kankare wani babban dunƙule da wuƙa. Wannan ƙara ta ƙarfe a kan daskararren ruwa ta tsayar da ni a tsakiyar hanya, har wani mai baro ya ce, “Baba, a ba mu wuri mana.” Na ba shi wuri, amma hankalina ya riga ya koma wata barandar siminti a makarantar mishan, inda aka taɓa yanke hukunci a kan karatuna saboda wani wasa da har yau ban gane shi ba.

Ya kamata mai karatu ya san irin gidan da na fito. Mahaifina kafinta ne. Ya taso daga ƙauyenmu na kudancin Bauchi ya zauna a birni saboda aiki, kuma dattijo ne a majami'armu. Abu biyu ne ba ya yafewa: karkataccen katako da karkatacciyar magana. In ka ce masa ka share tsakar gida, sai ya duƙa ya leƙa ƙarƙashin turmi. Ni ma haka na tashi. Waɗanda na koyar za su ba da shaida.

Malaminmu na lissafi Bature ne daga Kanada, dogo, mai faɗin kafaɗa, da tabo a haɓa da wani a gira. Shi ke fitar da mu fili da yamma mu buga ƙwallon gora. Wata rana a farkon damina aka yi ruwa da ƙanƙara, muka watse muna tsinta a bakin rigunanmu, muna tsotsa kafin ta narke. Iyakar saninmu da ƙanƙara ke nan: ƙwayoyi kamar gujiya da ke zubowa daga sama su yayyaga ganyen masara. Malam ya tsaya yana kallonmu, sannan ya ce a ƙasarsu tafki guda yakan daskare har doki ya ratsa ta kansa. Ya ce kafin ya zama malami, sana'arsa ita ce buga ƙwallon gora a kan irin wannan ruwa, da takalma masu wuƙa a ƙasa, kuma yawancin gudunsa da baya da baya yake yi.

Na kai labarin gida da ɗoki, na zayyana shi muna shan gwaten acca. Mahaifina ya ajiye ludayi.

“Maimaita,” in ji shi.

Na maimaita.

“Mutum ɗaya ne ya taɓa tafiya a kan ruwa, wanda muke karantawa a majami'a, kuma ba wasa ya je yi ba. Wanda ya gwada bin sa ma nitsewa ya fara.”

Mahaifiyata ta ce wataƙila yaron ne bai ji daidai ba.

“To, ɗayansu ya yi ƙarya. In ɗana ne, akwai bulala. In malamin ne, ba na barin ɗana a hannun maƙaryaci. Ya bar biro ya kama zarto.”

Gwaten ya fita daga raina. Ina son makaranta fiye da yadda zan iya faɗa, ga shi kuma na rasa wanda zan gaskata. Malamin nan shi ne mutumin da ke sa ka sake shafi guda saboda layi ɗaya ya karkace. Ta yaya irinsa zai yi ƙarya? Amma kuma ta yaya ruwa zai ɗauki doki?

Washegari mahaifina ya sa rigarsa ta Lahadi ya tasa ni gaba. Muka sami Malam a baranda. Bayan gaisuwa mai tsawo, mahaifina ya faɗi abin da ya kawo shi, bai rage ba, bai ƙara ba. Malam ya shiga ɗaki ya fito da takalman. Baƙar fata ce da ta tsage don tsufa, tana warin akwati, ga ƙarfe a ƙasa kamar an kifa aska. Mahaifina ya shafa bakin ƙarfen da babban yatsa, ya rufe ido ɗaya ya duba miƙewarsa, ya yaba wa maƙerin. Sannan ya tsayar da ɗaya a ƙasa ya sake shi. Takalmin ya faɗi.

“Malam, takalmin da bai iya tsayar da kansa ba, yaya zai tsayar da ƙato?”

Malam ya yi dariya, ya sa su, ya ɗaure, ya miƙe. Ya tsaya kam. Amma da ya ɗaga ƙafa zai nuna yadda ake ja da baya, ƙarfen ya yi wata ƙara a kan siminti, gwiwarsa ta hagu ta lanƙwashe, ya zauna daɓas. Ni dai a lokacin ƙanshin katako na fara ji, don na ga biro ya kuɓuce mini.

“Ba don siminti aka yi su ba, Dattijo,” in ji shi daga ƙasa.

“To ina ruwan?”

“Yana Kanada.”

“Shaidarka tana da nisa, Malam.”

Na zaci magana ta ƙare. Sai mahaifina ya miƙa masa hannu ya tashe shi, ya yi wata tambayar da ban ga amfaninta ba. Ya ce, a wannan wasa, shi ne gwanin ci? Malam ya ce a'a, shi mai tsaron baya ne. Duk shekarun da ya yi, cin da ya yi bai taka kara ya karya ba. Aikinsa ya hana. In an bugo ƙwallo, wadda baƙar roba ce mai taurin dutse, ya kwanta ya tare ta da jikinsa don kada ta kai ga mai tsaron raga. Ya sa hannu a baki ya ciro haƙoransa na gaba gaba ɗaya, ya ɗora a tafin hannu, ashe na roba ne, ƙwallon ta zubar da na ainihin. Na ja da baya a firgice. Ya ce da ya ji rauni a gwiwar ta ƙi warkewa, aka ba wani saurayi rigarsa, ’yan kallo ma ba su lura an yi canji ba.

Mahaifina ya daɗe yana duban haƙoran. Sannan ya yi godiya, muka kama hanya.

Sai da muka kusa gida na yi ƙarfin hali na ce, “Baba, ka yarda?”

“Ban yarda ba, ban kuma ƙi ba. Ban gane ba ne. Amma na ga maƙaryata da yawa, ban taɓa ganin wanda ya ƙaga labari ya ajiye kansa a baya, ya ba wasu ci, ya ba kansa giɓi ba. Gobe ka koma makaranta. Maganar ruwa kuwa, kada in ji ta a majami'a.”

Haka na zama malami, ba kafinta ba. Mahaifina ya rasu bai warware maganar ruwan ba. Wani lokaci yana fere katako sai ya tsaya ya ce, “Da baya da baya kuma?” ya girgiza kai ya ci gaba.

Yanzu ina zaune a unguwar Gwallameji wajen ɗana. Da na dawo daga kasuwa ranar nan na ba jikana wannan labari. Kafin in rufe baki ya latsa wayarsa ya miƙo mini.

“Tsoho, ga wasan maƙaryacin naku.”

Abin da ya kusa raba ni da makaranta, yaro ya samo shaidarsa yana kwance a kujera. Na yi murna, amma na tambayi kaina ko yaran yau za su iya auna mutum in shaidarsa ta yi nisa. Na gyara tabarau. Farin fili ne fes, ƙatti suna shawagi suna karo da juna, ƙwallon kuwa ko sau ɗaya ban gan ta ba. Na rasa wa ke bin wa. Can sai na hango wani a baya, yana sulalewa da baya da baya, fuskarsa na duban masu zuwa. Aka ɗaga gora, ya zube a gabanta.

“Ba can ake kallo ba, tsoho,” in ji jikana. “Ga mai ci nan.”

Ban kula shi ba. A raina na ce, Baba, ashe ruwan ne. Sannan na mayar wa yaron wayarsa, na nuna na bayan da yatsa.

“Maimaita,” na ce.