Ƙayar Kifin Inna

Ko na manta sunana, ba na jin zan manta ranar da na sayi ƙayar kifi a kasuwar Gummi.

Shekarar da 'yan bindiga suka tashe mu daga ƙauyenmu na wajen Zugu ke nan, muka raɓe a wani kango. Inna ta kwanta ciwo, ta daina cin abinci. In an kai mata tuwo sai ta ture, ta ce a ba yara. Ran nan ta ce da ni, "Da zan samu miyar kifi, da na taɓa."

Ni da a gida nake ba maƙwabta tarwaɗa kyauta, sai ga ni gaban mai kifin banda ina nuna abin da ya rage a gindin kwando: ƙaya, kawuna, ɓarɓashi. Masu kiwon kaji ake sayar wa shi.

Yana aunawa ya ce, "Maigida, kajin naka suna da yawa?"

Na ce, "Guda ce. Ita ta haife ni."

Ya ƙulle leda ya miƙo, idonsa a ƙasa.

Maiɗakina ta wanke ƙayar, ta shanya, ta soya sama-sama, ta daka a turmin aro, ta tankaɗe har sau biyu don kada ta maƙale wa tsohuwa. Ta kaɗa miyar kuka da garin. Ƙamshi ya cika kangon, yara suka zagaye murhu suna haɗiyar yawu.

Inna ba ta gani sosai. Ta sa hannu a kwano tana lalube, ta lalube ko'ina. Sai ta yi murmushi.

"Babu tsoka. Kun ba yara ke nan?"

Muka dubi juna, ni da maiɗakina.

Ta ce, "Madalla. To yanzu sai in ci."

Ta cinye tas, har ta suɗe yatsu. Bakin yaran nan kuwa bai ga tsokar kifi ba tun barinmu gida. A makon ta rasu, da zaton jikokinta sun ƙoshi.

Masu cewa talauci ba mutuwa ba ne, ba su taɓa tankaɗe wa uwarsu abincin kaji ba. Abin da na koya shi ne, uwa ba da baki take ƙoshi ba. Sai ta ji an ce yara sun ci.