Hutun Disamba da Na Kwafo Daga Suwizalan

Ku sababbin ma'aikata kuna jin ana kirana Suwis, wasunku har suna zaton na taɓa zuwa ƙasar Suwizalan ne. Ko filin jirgi ban taɓa takawa ba. Har gobe ban manta da ranar da na jawo wa kaina wannan suna ba, gara ku ji daga bakina kafin a ƙara masa gishiri.

Lokacin ina mataimakin jami'in wasanni, mataki na shida, shekara bakwai ba ƙarin girma. Sai ofishinmu ya tura ni taron bita na kwana uku a Kaduna. Malamin da ya koyar da mu tsara gasa ya raba mana kwafin jadawalin wata tsohuwar kakar wasa ta babbar gasar ƙwallon Suwizalan, don misali kawai. Ƙungiyoyi goma ne, kowace ta haɗu da kowace sau huɗu, biyu a gida biyu a waje. Ana farawa a Yuli, a tafi hutu a tsakiyar Disamba, a dawo bayan wasu makonni, a ƙare a Mayu. Ina gani murna ta kama ni, domin mu ma a Birnin Gwari ƙungiyoyi goma gare mu.

Da na dawo, sai na goge sunayensu na sa namu. Watanni kuwa ban taɓa ko ɗaya ba. Ogana, Alhaji Shehu, ya jujjuya takardar ya ce, "Isiyaku, ka tuntuɓi masu horar da yaran?"

Na ce, "Yallaɓai, mutanen da suke ƙera agogo ne suka tsara wannan. Wa za a tuntuɓa kuma?"

Ya sa hannu. Ya ce in gasar ta kai ƙarshe, shi da kansa zai rubuta a ba ni mataki na bakwai.

Wasan farko a Kazage ne, ranar Asabar, tsakaninsu da ƙungiyar Magajin Gari. Na goyo alƙalin wasa a babur, na sha sabuwar hula. Muna isa muka tarar da sandunan gola guda biyu a tsaye, tsakaninsu masara ta kai gwiwa. Ashe al'adar garin ce, duk damina ana ba wata tsohuwa aron filin ta shuka. In an yi girbi Fulani su shigo da shanu su cinye karmami, sannan samari su baje kunyoyi a koma wasa. Kowa ya san haka ban da jami'in wasanni.

'Yan Kazage babu ko ɗaya, duk suna gona. Baƙi kuma mutum shida suka zo. Ga wanda bai sani ba, doka ta ce a jira minti goma sha biyar, in ƙungiya ba ta bayyana ba a ba abokiyar karawarta maki uku, amma ƙasa da mutum bakwai ba ƙungiya ba ne. Na sa alƙali ya kutsa tsakiyar masara ya busa usur, na rubuta cewa duka biyun sun faɗi. Tsohuwar tana bakin gona tana kallonmu, ta ce mu dai bi a hankali kada mu karya mata shuka.

Mai hankali da a nan ya tsaya. Ni na ci gaba har wata biyar. 'Yan Dogon Dawa suka aiko cewa ba za su riƙa bin wannan hanyar dajin kowane mako ba saboda ƙwallo, na rubuta musu takardar gargaɗi. Ƙungiyar makanikai ta cikin gari, da yake ba su da gonaki, ita ta hau saman tebur, kuma yawancin makinta ba ta taɓa ƙwallo ba ta same su. Ni kuwa ina ta ja wa teburin layi da jan biro.

Da Disamba ta yi rabi, amfani ya shiga rumbu, sai masu horarwa suka zo ofis gaba ɗayansu. Wanda ya yi magana shi ne Baba Danladi na Kazage, dattijon Bagwari wanda ya fi shekara ashirin yana horar da yara. Ya ce, "Malam Isiyaku, mun gama. Shanu sun fita, an baje fili. Yaushe ne wasa?"

Na buɗe fayil na ce, "Baba, ai jiya aka shiga hutu."

Baba Danladi bai ɗaga murya ba. Ya ce, "To ɗana, su mutanen can me suke girbewa a Disamba da har suke ajiye ƙwallo?"

Ban sani ba. Wata biyar ina hukunta mutane da takardar nan, ban taɓa tambayar kaina ba. Alhaji Shehu ya ce in kira malamin bita a gaban kowa, in buɗe muryar wayar. Na kira, na tambaya. Mutumin ya yi dariya ya ce dusar ƙanƙara ce take rufe musu filaye, shi ya sa suke tsayawa. Ya ƙara da cewa, "Ina fata dai ba watannin ka kwafa ba?"

Na kashe wayar. Kunya ta sa na rasa inda zan sa idona.

Baba Danladi ya gyara hularsa ya ce, "Ashe mutanen nan suna da hankali. Sun duba filinsu kafin su yi takarda. Mu namu filin masara ce take rufe shi."

A zaman nan, cikin awa ɗaya, suka tsara sabon jadawali a bayan nawa: a fara nan take, a haɗu sau biyu kawai, a ƙare kafin ruwan farko. Aka soke makin makanikai, suka yi wata guda ba sa amsa gaisuwata. Gasa ta kai ƙarshe lafiya, amma Alhaji Shehu ya ce ba tawa ba ce ta kai. Mataki na bakwai sai bayan shekara biyu.

Abin da na koya shi ne, 'yan wasanmu manoma ne kafin su zama 'yan ƙwallo, kuma ba su ɓoye mini ba, ni ne ban tambaya ba. Don haka duk wanda ya kawo mini jadawali a cikinku, zan fara duba takalminsa. In babu ƙasar fili a jiki, ba zan sa hannu ba.