Ranar da na karanta wa Baba tarihin jami'ar Katolika

Ni na hana ƙanena zama likita, kuma da wannan bakin nawa na yi aikin.

Zamanin mulkin farar hula na biyu ne. Ina koyarwa a wata firamare a Boɗinga, iyayena suna Shagari. A lokacin ji nake duk ƙasar Sakkwato babu mai Turancina, har biro uku nake jerawa a aljihun gaba. Ƙanena kuwa shiru-shiru ne, amma kansa yana ja. Gwamnatin jiha ta ba shi gurbin karatun likita a wata jami'ar 'yan Katolika a Amurka. Tare da takardar aka aiko da wani ɗan littafi mai sheƙi, cike da hotuna.

Baba almajirin ilimi ne na gaske. Bai taɓa kai ɗa gaban malami ba sai ya ji wa ya karantar da malamin, shi ma wancan a wurin wa ya ɗauka. Don haka ranar Juma'a bayan an sauko masallaci ya kira ni zaure in karanta masa littafin. Na tarar da abokinsa, wani Alhaji dillalin albasa da ya zama shugaban jam'iyya na mazaɓarmu, mutumin da ko sunansa ba ya iya rubutawa amma babu zancen da ba ya tsoma baki.

Baba ya ce, “Wagga makaranta, wa yak kafa ta? Su wa sunka yi karatu cikinta?”

Ai sai na gyara zama. Mai hankali da cewa zai yi makarantar likitoci ce, ya ja bakinsa. Ni kuwa na samu fili! Na faro daga limaman cocin da suka kafa ta da ɗaki ɗaya, na bi shugabanninta ɗaya bayan ɗaya, kowanne da farin abu a wuya. Sai na karanta da Turanci tukuna don a ji, sannan in fassara. Da na iso sashen likitanci na ga kalmomi dogaye kamar igiyar guga, na ji tsoron kada harshena ya sarƙe a gaban mutane, na tsallake. Sashen koyon addininsu kuwa, da yake Turancinsa mai sauƙi ne, ko wasali ban bari ba. Na rufe da manyan da ta yaye: bishop kaza, alƙali kaza, wani bishop ɗin kuma. Ƙanena yana bakin ƙofa yana ƙyafta mini ido. Wallahi na ɗauka yaba mini yake yi.

Alhaji ya ja dogon salati. Ya ce wa Baba, “Malam, ka ji asalin karatun da kunnenka. Zama da maɗaukin kanwa shi ka kawo farin kai. In ɗana na, ko tasha ba ya zuwa.”

Baba ya miƙa wa ƙanena littafin ya ce ba za shi ba. Shi ke nan. Baba ba ya magana biyu.

Ba a yi wata biyu ba muka ji ɗan Alhaji ya hau jirgi a gurbin, yaron da ya faɗi jarrabawa sau biyu. Kanwar ba ta ba shi farin kai ba. Ya dawo da sallarsa, da ƙaton rediyo, babu takardar komai. Tir!

Muka ce baɗi ma rana ce, za a nemi wata makarantar. Ina! Gwamnati ta tsuke bakin aljihu, sabulu ma sai an yi layi, aka daina tura kowa ko'ina. Kafin mu farga soja sun karɓe mulki. Ƙanena ya ƙare a ɗakin shan magani na Danchadi, yana ba da ƙwaya yana ɗaure rauni. Bai taɓa yi mini maganar ba, kuma wannan shirun ya fi zagi ciwo. Na ji kunya, har yau ina jin ta.

Wata rana na kai masa ziyara, na same shi durƙushe yana wanke ƙafar wata tsohuwa. Tana ta sa masa albarka, tana cewa, “Likita, Allah shi biya ka.”

Ya ɗago ya dube ni, sannan ya mai da kansa ga ƙafar.

Ya ce, “Inna, likitoci na Sakkwato. Ni mai wankin gyambo na. Tambayi Yaya, shi yas san Turanci.”