Kwalaben da Ka Rubuta da Fensir

Shekara goma sha ɗaya ke nan rabona da gida, ban taɓa jin nisan ba kamar safiyar Talata, sha huɗu ga Maris, da mai gadi ya tare ni a bakin ƙofa ya ce Dakta ya rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ran Juma'a fa muka rabu, kana yi mini faɗa kan na bar murfin firiza a buɗe.

Ni mai wankin kwalabe ne kawai a ɗakin bincikenka, amma ka zaunar da ni ka fahimtar da ni aikin. Ka ce akwai ciwon dajin mafitsara na maza da ake kwantarwa da allurar rage sinadarin namiji, daga baya ya taurare, allurar ta daina ci. Shi kake tatso furotin daga irin tsirrai kana gwadawa a kai. Ka ce ba magani ba ne tukuna, fata ne.

Sai a zaman makoki ƙanwarka ta gaya mini ciwon nan ne ya ci ka. Shekara uku kana ɗauke da shi, ni kuwa ina tsokanarka da yawan zuwa banɗaki, wai shayi ya yi maka yawa.

Ba ka da sauƙi, Dakta. Sannunka ma da gyara take zuwa. Amma ranar da mahaifiyata ta rasu na kasa tafiya gida, kai ka rufe ɗakin ka zauna da ni a benci har la'asar.

Dokar wurin nan, duk kwalbar da ba ta da lambar da inji ya buga a zubar. Kai kuwa fensir ka yarda da shi, wai tawada tana gogewa a sanyi. Kwana biyu da binne ka, shugaban sashe ya miƙo mini safar hannu da bokiti.

"Kawu, a kwashe kafin azahar."

Ban ga laifinsa sosai ba, doka ya bi. Na riga na juye kwalaben aljihun firiza na farko kafin na gane rubutunka. Sauran na kai wa ɗalibarka, ta ce za ta yi musu lamba ta ci gaba da gwajin.

Allah ya jiƙanka, ya sa jinyar da ka ɓoye ta zama kaffara, ya ba ƙanwarka da 'ya'yanka haƙuri.

Kwalba ɗari biyu da goma ka bari. Sittin na zubar da hannuna. Ɗari da hamsin na tsira da su.