Ɗigon da Babu Suna

A barandar asibitin ƙwaƙwalwa, inda nake riƙe wa ƙanwata layi, akwai ƙaton allo ɗauke da binciken wani Farfesa a kan ciwon damuwa. Hotonsa na sama yana murmushi. A ƙasa zane ne cike da baƙaƙen ɗige-ɗige, wai kowane ɗigo majinyaci ɗaya ne.

Wani dattijo na tsaye gaban allon. Rigarsa ta sha guga amma wuyan ya cinye, ga jakar mata rataye a kafaɗarsa, ya matse ta kamar za a ƙwace. Ba rubutun yake karantawa ba, ɗige-ɗigen yake bi da yatsa.

Ya tare wata nas. "'Yar nan, da yarinyata aka yi wannan aikin kafin ta rasu. Wanne ne nata?"

"Baba, ai ba a sa suna. Doka ce, don a rufa musu asiri."

"To, Allah ya yi miki albarka."

Rufin asiri! Sunan Farfesa kuwa ga shi da manyan baƙaƙe, an ce har ƙasashen waje ya kai. Raina ya ɓaci, na rasa wanda zan sauke wa. Ban san yadda yarinyar ta rasu ba, jakar nan kuma, da alama tata ce, ta hana ni tambaya.

Har yanzu dattijon bai gusa ba. Ya zaɓi wani ɗigo da ya ware can ƙasa shi kaɗai, ya sa hannun riga yana goge masa ƙura a hankali.