Tsibirin da na nuna wa baƙo

Mun tashi da asuba daga unguwar Madain Fahd da ke Jidda a kan kekuna, ni da baƙi uku 'yan tseren keke daga Katsina da suka zo umra. Tun jiya na cika musu baki cewa a Jidda aka yanke min cibiya, ba lungun da ban sani ba. Babbansu, wani malamin makaranta mai furfura, abu ɗaya ya roƙe ni. Kakansa ya taso daga Sawakin ta ƙasar Sudan a jirgin ruwa, aka tsare su a wani ɗan tsibiri inda ake killace alhazai saboda annoba, can ya rasu. Mahaifiyar malamin ta ce masa kada ya dawo sai ya ga wurin ya yi addu'a.

Muka bi gefen tashar jiragen ruwa, tireloli na hura mana hayaƙi. A unguwar Kurayyat muka karya da ful da tamis, wato dafaffen wake da gurasa, riyal goma muka ƙoshi, har ɗaya ya ce waken nan ya fi man fetur. Daga nan muka miƙe kudu, gumi kamar an kwara mana ruwa.

Da hantsi muka iso gaɓa, ga 'yan tsibirai uku can nesa. Malam ya ce, "Wanne ne?" Wallahi ban sani ba, amma girman kai ya hana ni faɗa. Na nuna na tsakiya, har da ƙarin tarihi. Ya jingine keke, ya ɗaga hannu yana hawaye, ya ɗauki bidiyo ya tura wa tsohuwa.

Wani dattijo mai kamun kifi ya tambaye ni da Larabci me ya sa baƙon kuka. Da na faɗa masa ya ce, "Ɗana, wannan tudun yashi ne, ruwa na shanye shi. Na karantina suna bayan tashar jirage, kun wuce su." Karantina, sunan unguwar da na yi wasan ƙasa, ban taɓa tambayar ma'anarsa ba, ashe killace masu annoba ake nufi. Malam ba ya jin Larabci. Na ce masa gaisuwa ce.

Muka juyo. A ƙofar gida na fashe masa da gaskiya. Bai yi faɗa ba, ya kira mahaifiyarsa ya miƙo min wayar. Na yi mata bayani. Ta ce, "Yaro, tun safe nake sumbatar hoton nan."

Gobe za mu nemi wanda ya san wurin. Abin da na koyo a tafiyar nan, "ban sani ba" ta fi sauƙin faɗa a bakin teku da a kunnen tsohuwa.