Tsoho Mai Kulkin Besbol

Aling Pasing tana suyar ayaba a bakin tashar Calamba, amma hankalinta na kan wani tsoho da ke zaune gefen rumfarta. Ba ta san shi ba. Hular 'Yan Rake ce a kansa, ƙungiyar besbol ta ma'aikatan gona, duk ta koɗe. Ya ɗora kulkin dukan ƙwallo a cinya, yana goga masa man kwakwa a hankali, jijiyoyin hannunsa sun fito ruɗu-ruɗu. Wataƙila shi ya taɓa riƙe kulkin nan a fili, wataƙila ɗansa.

"Tatang, ai wasa ya ƙare," ta ce da zolaya, tana kiransa yadda ake kiran dattijo a garin. "An sayar da filin wasan, gobe katafila za ta shiga."

"Tun ina kan wuyan babana nake kallon wasansu," ya ce, bai ɗago ba. "An sha cinye mu. Ba a taɓa korar mu ba."

Wata farar mota ta tsaya a tsallaken titi, a bakin filin, mutum uku suka fito suna dariya. Tsohon ya miƙe da kulkin a hannu.

"'Yata, wanne ne ya sayi filin?"

Ta ce ba ta sani ba, amma idonta ya riga ya nuna masa.